Dabo Dillali da Manhaja Mai Ƙiba

In ka taɓa sayen rago a karar Illela, ka koma gida kana murna, bayan kwana uku ragon ya fara tari, to ba sai an gabatar maka da Dabo ba, kun riga kun gaisa. Dillalin tumaki ne, shekara talatin da ɗoriya yana cikin sana'ar. Shi da bakinsa yake cewa daga jin atishawar rago yake sanin shekarunsa da garin da aka haife shi. Babu abin da Dabo bai sani ba a duniyar nan ta Allah. In ana hirar jirgin sama, ya taɓa ba wani matuƙi shawara. In ana hirar asibiti, shi ya nuna wa wani likita inda ake soka allura. Haƙora uku suka rage masa a baki, amma ko su cewa yake da gangan ya rage sauran, don magana ta riƙa fita babu shinge.

Wuri ɗaya ne Dabo ba ya cika baki a kansa, shi ne Konni, tsallaken iyakar Nijar. Ga ta nan kusa, ɗan kabu-kabu zai kai ka kafin shayinka ya huce, amma shekara shida ke nan bai taka ta ba, tun da ya sayar wa wani mahaucin can ragon da ya riga wuƙa. Mahaucin ya yi rantsuwa duk ranar da ya ga Dabo sai ya ɗora shi a kan sikeli.

Ana nan, ran wata Talata, autarsa Shahida ta zo daga Sakkwato da 'yarta Mahbuba, an kawo ta yaye. Shekararta biyu ba wata ɗaya, ga kumatu, ga ɗan warwaro ya kama mata hannu tsam. Dabo yana son yarinyar nan so na gaskiya, ba irin na dillanci ba. Tun da aka aurar da Shahida gidan ya yi tsit, daga shi sai matarsa Ramatu sai kaji, kuma kaji ba sa sauraron labari. Amarya yake kiranta, irin wasan kaka da jika.

Sai dai da sharaɗi aka kawo ta. Kakarta ta wajen uba, Hajiya Yelwa, mai sayar da atamfa a Konni, ta daɗe tana neman a ba ta riƙon yarinyar. An yi da ita ranar Juma'a ta sama za ta zo ta gani da idonta. In ta tarar Mahbuba ta rame, a ranar za ta goya ta su tsallaka iyaka. In kuwa ta tsallaka Konni, a wurin Dabo ta tafi ke nan.

Kafin Shahida ta hau mota ta miƙa wa uwarta tsohuwar wayarta.

"Inna, ga wagga. Manhaja guda ta a ciki, malamar asibiti ta zaɓa min. Wata mata ta tana waƙa a hankali, tana nuna akuya da kaza, babu talla, babu hayaniya. In ta matsa da kuka, minti goma ya isa. Kuma ki zauna kusa da ita, kina hwaɗa mata abin da take gani."

Motar ba ta gama shan kwana ba Dabo ya warce wayar.

"Malam, ba kai anka ba ba," in ji Ramatu.

"Ke, mi kinka sani ga harkar zaɓe? Shekara talatin ina zaɓen abu mai rai. Wanga da ko numfashi ba shi yi za shi gagare ni?"

Washegari ya nufi shagon Sufyanu da ke bakin tasha, inda ake cajin waya da tura finafinai. Sufyanu magidanci ne mai haƙuri, ya ga masu taurin kai iri-iri, amma ranar ya ga ubansu.

"Sufyanu, duba min wagga. Nawa nauyinta?"

"MB goma sha biyu, Baba Dabo."

"Sha biyu! La'ilaha illallahu. An haɗa jikata da tunkiyar rani. Goge ta."

"Baba Dabo, su waɗanga ba da nauyi aka zaɓensu ba."

"To da mi? Abu huɗu ka sa a sayi dabba: nauyi, murya, ƙaho, da yawan masu tayi. Nuna min wadda ta hi kowace ƙiba."

Sufyanu ya goge, ya yi ta lalube har ya samo wata mai MB ɗari tara. Hoton wata jar mota ne a jikinta, da fitilu biyu tsaye a ka.

"Ka ga ƙaho!" in ji Dabo. "Mutum nawa sunka taya?"

"An ce miliyan hamsin sun sauke ta. Amma an rubuta ta 'yan shekara goma sha biyu ta zuwa sama."

"Madalla. Za ta tsallake shekara goma cikin sati guda. Ƙara min wata mai kala-kala, ba a sayen rago guda a bar shi da kaɗaici."

Daga nan bai zarce gida ba, sai teburin mai shayi. Ya tsaya a gaban majalisa ya ɗaga wayar sama, ya ce kowa ya shaida: ranar Juma'a ta sama Mahbuba za ta ƙirga ɗaya zuwa goma da Hausa, da Turanci, da Faransanci, don ta ba kakarta ta Konni amsa da yarensu. Maƙwabcinsa Abu ya ce shi da kansa zai kawo benci.

Ranar Alhamis da hantsi aka buɗe makaranta. Dabo ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zaunar da Mahbuba, ya ɗauko lasifikar da yake kiran masu saye da ita a kara, ya haɗa da wayar, ya ƙure murya. Ramatu ta leƙo ta ce wannan kuma na mene ne. Ya ce ilimi ba ya shiga da raɗa. Yarinya ta ga jar mota, ta dangwala yatsa.

Jiniya ta tashi.

To, a wani garin in an ji jiniya sai a ce ko gobara ce. A layin su Dabo ma'anarta ɗaya ce tak, kwastan. Kafin ka ce kwabo 'yan kabu-kabu masu jarkoki sun watse ta kowane lungu, wani ya shiga gidan da ba nasa ba har tsakar gida. Mai shayi ya ruga da buta a hannu, shi da ba a taɓa kama shi da komai ba. Shi kuwa Abu, wanda shinkafarsa ba ta son a tambaye ta daga ina take, sai ya shiga jefo buhuna ta kan katanga zuwa gidan Dabo. Na farko ya faɗa kan tukunyar kokon yarinya. Na uku ya fashe, kaji suka ce gaba ta kai su. Mahbuba ta ƙwalla ƙarar da ta kusa danne jiniyar.

Da ƙura ta lafa, mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, suka bi sauti har zauren Dabo. Suka same shi yana ta latse-latse, ya rasa inda ake kashewa.

"Dabo!" in ji Abu yana haki. "Ashe kai na kwastan?"

"Darasi na hwarko ke nan, sanin sauti."

"Kajinka sun cinye min rabin buhu!"

"Su ma sun ci albarkacin ilimi."

"Allah ya isa tsakanina da ilimin ga," in ji Ramatu daga ciki, tana kwashe koko daga ƙasa.

Sai aka koma manhaja ta biyu, mai kala-kala. Ita wannan ba ta da ƙarshe. Wani hannu ne yake fasa ƙwai mai launi, wani ƙwan ya fito daga ciki, a sake fasawa, wani ya fito. Lokaci-lokaci a katse da tallan man bilicin ko na caca, a dawo kan ƙwai. Mahbuba ta yi ɗif. Dabo ya fita ƙofar gida yana tambayar masu wucewa, "Kun ji kuka? To aikin gwani ke nan."

Kuka kam babu, amma ci ma babu. Ramatu ta kawo koko, yarinya ta kau da kai ba tare da ta ɗauke ido daga waya ba, cokali ya zube a kan gilashin. Ta kawo fura, haka. In an karɓe wayar sai ta faɗi tana birgima har numfashinta ya sarƙe. Da Dabo ya gwada karɓa da dabara, sai ta gantsara masa cizo a babban yatsa. Ya ce alamar kaifin basira ce, ya tafi bayan ɗaki ya yarfe hannu.

Ranar Asabar Ramatu ta kamo hannun yarinyar ta ɗaga a gabansa. Warwaron da ya kama tsam ranar Talata ya zame har gwiwar hannu.

"Dibi aikinka, gwani."

Dabo ya ɗauki Mahbuba. Duk abin da zai yi wa mutane ƙarya a kansa, hannunsa ba ya yi masa ƙarya a kan nauyi. Yarinya ta ragu, kuma saura kwana shida. Ya ji tsoro na gaske. Amma baki ya saba, sai ya ji kansa yana cewa, "Kitsen na ka komawa ƙwaƙwalwa."

"To gobe sai ka tahi da ita da ƙwaƙwalwar," in ji Ramatu. "Ni suna za ni Kalmalo. Wanda ya ɓata shi ka ɗauka."

Lahadi ranar kasuwar Illela ce, ranar da dillali ba ya zama ko da uwarsa ce ta ce ya zauna. Haka Dabo ya shiga kara da jika a kafaɗa, ita kuma da waya a hannu, wayar duk ta yi ɓawon busasshen koko da fura. Abokan sana'a suka yi ta yi masa sannu da reno. Yana tsaye yana rantse wa wani baƙo cewa wata tunkiya ba rama ce da ita ba, tsarin jikinta ne haka, sai wani raƙumi da ke ɗaure a bayansa ya sansano koko. Ya miƙo wuya a hankali, ya lashe wayar daga hannun yarinya kamar ya tsinki ganye.

Ko haƙorin raƙumin ne ya danna jar mota, Allah masani. Jiniya dai ta tashi daga cikin bakinsa. Raƙumi ya ji kwastan a cikin kansa, ya tsinke igiya ya yanki tsakiyar kara. Shanu suka watse, masu fura suka kife, mai raƙumin yana binsa da gudu rawaninsa na warwarewa. Sai can bakin rijiya raƙumin ya tofar da wayar. Dabo ya tsinto abin da ya rage, ya goge yawu, ya cusa a aljihu yana waige-waige.

Mahbuba kuwa ta buɗe maƙogwaro. Ya jijjiga, ya yi rawa, ya yi kukan akuya, duk a banza. Da ya rasa abin yi, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya cafko ragon da ke kusa, ya ja leɓensa na ƙasa.

"Amarya, dibi! Dibi haƙora!"

Kuka ya tsaya. Ta leƙa bakin ragon.

"Kin gani? Sun cinye. Taɓa gadon bayanai, ƙashi zalla. Wanga tsoho na. Mi aka cewa? A kai kasuwa!"

Ya kama wani ɗan Uda mai sheƙi, ya buɗe masa baki, ya ɗora hannunta a gadon bayansa. "Wanga hwa? Haƙora sabbi, baya cike. Na saya!"

Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, karo na farko tun da uwarta ta tafi. Suka bi tumaki ɗaya bayan ɗaya, tana ja musu leɓe, tana bubbuga musu baya, har suka ƙure layi. Da suka iso wurin wata mai fura da ta tsira daga raƙumi, Mahbuba ta kama ludayi da hannu biyu ta sha har ta yi gyatsa. A kafaɗarsa ta yi barci, ƙafafunta buɗu-buɗu.

Masu hankali da sun koma gida sai su faɗi gaskiya. Dabo ba ya cikinsu. Kullum da safe sai ya saɓa ta ya ce za su aji, can wajen turken tumakinsa, wai a can ne ake kama sabis ɗin Nijar, Faransancin ya fi shigowa da kyau.

"Wayar hwa?" in ji Ramatu ranar Laraba.

"Tana caji."

"Kwana ukku?"

"Mai ƙiba ta, ba ta ƙoshi da wuri."

Ramatu ta dube shi, ta dubi yarinyar da ke tsoma hannu cikin kwanon tuwo, ta koma kan aikinta. Ranar Alhamis Dabo ya tuna da alkawarin ƙirga, ya zaunar da Mahbuba don ya koya mata da kansa. Sai a lokacin ya lura duk Faransancinsa bai wuce sefa ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya Yelwa ta iso, mace ce mai jiki, ga leshi, ga haƙoran Makka biyu suna walƙiya. Abu ya cika alkawari, har benci uku ya kawo, ya kuma bi gida-gida ya yi gayya. Mai shayi ya rufe tebur ya zo. Sufyanu ma ya zo ya ga ƙarshen MB ɗari tara.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Hajiya ta gyara zama.

"Malam Dabo, labari ya ishe mu har Konni. An ce jikata ta gama karatun lakwal cikin kwana goma."

"Kaɗan daga aikina ke nan, Hajiya."

"To bisimilla."

Dabo ya tsayar da Mahbuba a tsakiyar tabarma, ya yi gyaran murya. "Amarya, ɗaya!"

Yarinya ta sa yatsa a hanci.

"Wan!"

Ta ciro yatsan ta duba.

"Sefa!" in ji Dabo, gumi na keto masa.

"Ƙila sai an kunna mata jiniya," in ji Abu.

"Kawo salular in ga abin da anka koya mata," in ji Hajiya, ta miƙo hannu.

Dabo ya ce tana caji. Ya ce ai ma sabis ne babu. Ya ce ranar Juma'a manhajar ba ta aiki sai bayan la'asar. Abu ya ce a tambayi raƙumin da ya yi jiniya ranar Lahadi, shi ne ɗalibi na ƙarshe da ya riƙe ta. Hajiya ba ta janye hannunta ba. Da ya ga babu mafita, ya zaro abin daga aljihu, a lanƙwashe, da sawun haƙora. Sufyanu ya karɓa ya auna a tafin hannu.

"Baba Dabo, ta rame."

Dariya ta ɓarke har wani ya faɗo daga benci. Hajiya Yelwa kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙe, ta zaro zanen goyo daga jaka ta warware.

"An mai da ɗiyar mutane abin wasa. Jiniya, raƙumi, kasuwar dabbobi! Ramatu, haɗo min kayanta."

Shekara talatin ba a taɓa ganin bakin Dabo a rufe ba sai ranar. Ya nemi ƙarya ko guda ɗaya, ya rasa. Ya dubi yarinyar, ya tuna gidan zai koma shi da kaji, idonsa ya cika.

Hajiya ta sunkuya za ta ɗauke ta. Fuskarta na zuwa daidai, Mahbuba ta miƙa hannu ta kama leɓenta na ƙasa ta ja. Ta leƙa ciki da kyau, ta karkata kai ta sake leƙawa. Ta zagaya ta bubbuga mata gadon baya sau biyu. Sannan ta juyo ga jama'a ta yanke hukunci.

"Tsoho. A kai kasuwa."

Wurin ya kece da dariya. Mai shayi yana dukan ƙasa. Abu ya ce ya yafe rabin buhun.

"Ni?" in ji Hajiya. "Ni za a kai kasuwa, ja'ira? Da haƙoran Makka nawa?"

Ta sure ta sama za ta yi mata dundu na wasa, sai ta tsaya. Ta sauke ta, ta sake ɗagawa. Ita ma 'yar kasuwa ce, hannunta ya san nauyi. Ta kama warwaron ta gwada murzawa, ya ƙi motsi.

"Mi kuke ba ta?"

"Hura da ƙurar kara, Hajiya," in ji Ramatu. "Tun ranar da raƙumi ya yi muna maganin wayar ga take cin abinci. Wuni suke tare, shina ta zuba, tana ta ji."

"Shi ya koya mata wagga rashin kunya?"

Duk layin suka nuna Dabo da yatsa.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta dire yarinyar a kan tabarma.

"To bari mu ga ko tana da adalci. Ke, dillaliya, duba min wancan. In kinka kai shi kasuwa, mu tahi Konni yanzu."

Dabo ya so ya ce ba a duba dillali, sai ya fasa. Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara, ya buɗe baki. Ya san dokar sarai, shi ya koya mata ita. Haƙora uku, baya ƙashi zalla, da rago ne shi da kansa ba zai taya ba.

Mahbuba ta ja leɓensa, ta daɗe tana leƙe, har ta sa yatsa ta taɓa wuraren da babu komai. Ta zagaya ta bubbuga bayansa. Ta dawo ta tsaya. Sai ta damƙi wuyan rigarsa kamar yadda ta ga ana kama igiya.

"Na saya."

Hajiya Yelwa ta naɗe zanen goyonta a hankali ta mayar cikin jaka. "Ciniki ya faɗa," in ji ta. "Wanda ya saya shi ka riƙo."

Dabo ya rungume yarinyar, yana goge ido da hannun riga, yana cewa ƙura ce ta shigar masa. Ramatu ta tattara kofunan ruwa tana girgiza kai.

"Allah sarki, ɗiyar ga. Ciniki na hwarko a duniya, kuma an cuce ta."